Babi na Shida: Usur Ɗin Da Aka Saya

Ranar Laraba, 1 ga watan Yuni na 2011, Najeriya ta karɓi baƙuncin Ajantina a babban filin wasa na Abuja. Wasan sada zumunta ne, kuma baƙin ba su zo da Messi ba, ba su zo da sauran manyansu ba, yaran baya suka kwaso. Tun ba a je ko'ina ba Najeriya ta zazzaga musu huɗu: Ikechukwu Uche ya ci biyu, Victor Obinna ya ci ɗaya da bugun fenareti, Emmanuel Emenike ya cike. Minti casa'in suka cika, aka ɗaga allo cewa an ƙara biyar. Biyar ɗin suka shuɗe, alƙalin wasa bai busa tashi ba. Aka shiga na shida, aka shiga na bakwai. A minti na takwas sai ga shi yana nuna wurin fenareti, wai ɗan bayan Najeriya ya taɓa ƙwallo da hannu, alhali hoton da aka maimaita ya nuna a ƙafa ta same shi. Mauro Boselli ya buga ta shiga, aka tashi huɗu da ɗaya.

Babu wanda ya bar filin nan da ɓacin rai. Mai gida ya ci, ya ci da yawa, ƙwallo ɗaya ta baƙo ba ta rage komai ba. Waɗanda hankalinsu ya tashi suna can nesa, a gaban kwamfuta, ma'aikatan da ke bin sawun kuɗin caca a duniya. Sun ga cewa a mintunan ƙarshe, lokacin da duk mai hankali zai ce wasa ya mutu, an yi ta antaya kuɗi a kan cewa akwai sauran ƙwallo ta biyar. Cikin ƴan kwanaki FIFA ta ce ta buɗe bincike. Alƙalin da ya riƙe usur a wannan dare ɗan Nijar ne, sunansa Ibrahim Chaibou.

Wannan suna yana da nauyi a bakin ɗan Nijar, musamman idan aka tuna shekarar. A 2011 ɗin ce ƙungiyar ƙasarmu, Mena, ta samu gurbin gasar cin kofin Afirka karo na farko a tarihinta, a rukunin da ke da Masar da Afirka ta Kudu da Saliyo. Mun doke Masar a filin Seyni Kountché da ƙwallon Moussa Maazou a Oktoban 2010, mun doke Afirka ta Kudu biyu da ɗaya a Satumban 2011, kuma a ƙarshen shekara CAF ta zaɓi Harouna Doula gwarzon masu horarwa na nahiyar. Yayin da Yamai ke kwana tana busa ham saboda guminmu na halal, jaridun Turai suna buga sunan ƙasarmu a wani shafin dabam. Dukansu tarihinmu ne, kuma na biyun ne ba mu cika son a tayar ba.

Idan aka ce an sayar da wasa, abin da yawancinmu ke hangowa shi ne an biya wata ƙungiya ta kwanta don wata ta haye. Akwai wannan, za mu zo kansa, amma manyan ɓarayin zamanin nan ba su damu da wanda ya ci ba. A kasuwannin caca na gabashin Asiya, inda mafi yawan kuɗin ke juyawa, ana sa kuɗi a kan adadin ƙwallayen da za a ci gaba ɗaya, da tazarar da za ta shiga tsakanin ƙungiyoyin biyu, kuma ana ci gaba da sawa wasa yana gudana, farashi yana hawa yana sauka da kowane minti. Idan saura minti uku a tashi ana huɗu da nema, wanda ya ce za a ƙara ɗaya ribarsa babba ce, domin abu ne mai wuya. Wanda kuwa ya riga ya san za a ƙara, wannan ya daina caca, ya koma karɓar kuɗin mutane da rana tsaka. Ba ya bukatar ƴan wasa ashirin da biyu. Mutum ɗaya ya ishe shi, wanda ke riƙe da agogo, wanda kuma idan ya ce hannu ne to hannu ne.

Shi ya sa suka fi ƙaunar wasan sada zumunta. Babu maki a cikinsa, babu mai ɗaukaka ƙara, kuma a wancan lokaci FIFA ba ta cika sa ido a kan wanda ya naɗa alƙalinsa ba. Wani ɗan ƙaramin kamfani zai zo wa hukumar ƙwallon wata ƙasa da tayi mai daɗi: mu za mu kawo abokin karawa, mu biya jirgi da otal, mu ba ku ladan wasa, abu ɗaya kawai muke so, ku bar mana zaɓen alƙalai. Hukumar da asusunta ya bushe ba ta tambayar abin da kamfani zai ci a ciki.

Haka wani kamfanin Singafo mai suna Football 4U ya shiga Afirka ta Kudu a 2010, ana saura makonni a buɗe gasar cin kofin duniya ta farko a nahiyarmu. Mutumin da ke bayansa shi ne Wilson Raj Perumal, wanda tun a ƙasarsu aka sha ɗaure shi a kan sayen wasanni. Ranar 31 ga Mayu, a filin Peter Mokaba na Polokwane, Afirka ta Kudu ta ci Guwatamala biyar da nema, Chaibou ne alƙali, kuma fenaretin da ya bayar na taɓa hannu sun bar masu sharhi baki buɗe. Bayan shekara huɗu jaridar New York Times ta samu rahoton sirri na masu binciken FIFA ta buga shi. A cewar rahoton, a ranar wasan alƙalin ya shiga wani banki a garin ɗauke da jaka mai kuɗin da suka kai dalar Amurka 100,000, wajen miliyan 50 na sefa ke nan a canjin lokacin. Wasan da ya biyo baya, da Denmak, shi aka shirya zai busa, sai wasu jami'an alƙalancin ƙasar da zuciyarsu ba ta kwanta ba suka sauya shi da ɗan gida dab da take wasa. Aka tashi ɗaya da nema.

A Satumban 2010 aka yi abin da har yau idan ana ba da labarinsa sai a zaci ƙage ne. Bahrain ta buga da Togo, ta ci uku da nema, mai horar da Bahrain yana mamakin yadda baƙin ba su da ƙarfin buga minti casa'in. Daga baya hukumar ƙwallon Togo ta ce ita ba ta aika kowa ba, ƴan wasanta na gaskiya ba su daɗe da buga wasa a Botsuwana ba. An tattaro wasu samari ne aka sa musu rigar ƙasa. A nan ma Chaibou ne ya busa. Sai Fabrairun 2011 a Antalya ta Turkiyya, inda aka haɗa wasanni biyu a fili ɗaya a rana ɗaya, Latbiya da Bolibiya, Istoniya da Bulgeriya. An ci ƙwallo bakwai, kuma bakwai ɗin duka da fenareti. Alƙalan wannan rana Turawa ne, daga Hungari da Bosniya, su shida FIFA ta kora har abada. Na kawo su ne don kada wani ya ɗauka cutar ta baƙar fata ce.

A watan nan na Fabrairu aka kama Perumal a Finlan da fasfo na jabu. Kotu ta ɗaure shi shekara biyu saboda sayen wasannin wata ƙungiya ta garin Rovaniemi, can kusa da ƙarshen duniya ta arewa, kuma cikin ƴan wasa tara da aka hukunta tare da shi bakwai ƴan Zambiya ne, samarin da suka bar gida neman arziki suka tarar da albashi kaɗan da sanyi mai yawa. Da ya ga abokan harkarsa ne suka tona masa asiri, sai ya buɗe baki. Daga bayanansa da na wasu, a Fabrairun 2013 hukumar ƴan sandan Turai, Europol, ta sanar cewa tana zargin wasanni 380 a Turai da wasu wajen 300 a Afirka da Asiya da Latin Amurka, da hannun mutane 425, kuma igiyar tana komawa Singafo.

Shi Chaibou ya ajiye usur a ƙarshen 2011, ya dawo gida, kuma da ƴan jarida suka tambaye shi ya musanta cewa ya taɓa sayar da wasa. Hukunci bai zo ba sai 24 ga Janairun 2019, lokacin da kwamitin ɗa'a na FIFA ya same shi da laifin karɓar cin hanci, ya haramta masa duk wata harkar ƙwallo har ƙarshen rayuwarsa, ya ci shi tarar kuɗin Suwizalan 200,000, sama da miliyan 100 na sefa. An hana mutum aikin da ya riga ya bari shekara bakwai da suka wuce. Waɗanda suka kwashe ribar gaske, waɗanda suka ninka abin da aka ba shi sau da yawa a kasuwar caca, ba su da lasisin da za a ƙwace.

To ina ruwan Kirkissoye da wannan duka?

Wanda ya haye gadar Kennedy daga tsakiyar Yamai ya gangara Harobanda, ya bar jami'ar Abdou Moumouni, zai iske Kirkissoye kwance tsakanin hanya da fadamun shinkafa na bakin kogi. Unguwa ce ta masu neman na yau: manoman shinkafa, masu kiwon shanun madara, masu buga bulo, ƴan tireda, ɗaliban da haya ta fi musu sauƙi a wannan gaɓa. Ruwa ya sha cin gidajensu, na 2012 da na 2020 ba a manta da su ba. A daren Asabar ko daren gasar zakarun Turai, ka leƙa kowace rumfar kallo. Benci ne a jere, talabijin a rataye, injin wuta a gefe yana jiran ko-ta-kwana, ana ihu da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci a lokaci guda. Da can duk ido yana kan allo ɗaya. Yanzu ka duba da kyau, rabin samarin kansu a sunkuye yake, babban yatsa yana jan fuskar waya sama da ƙasa. Wasan da ke gabansu ɗaya ne cikin goma da suka jera a takarda. Sauran tara ana buga su a garuruwan da ba su taɓa jin sunansu ba, rukuni na biyu na wata ƙasa a gabashin Turai, gasar matasa ta wata ƙasa a Asiya, kuma ba hotonsu suke gani ba, lambobi ne kawai ke canzawa.

Kuɗin ba su da yawa a ido: dala ashirin, dala arba'in, wani lokaci jika guda idan an samu aikin yini. Ana turawa ta waya, ba sai an je kanti ba, ba sai uba ya gani ba. Idan aka tashi, maganar ɗaya ce kullum a fada, ana zuba shayi na biyu ana maimaita ta: wasa ɗaya ne ya ɓata mini takarda. Ka ce wa yaro, ɗana, wannan kuɗin cefanen gobe ne fa, ya ce maka, Kawu, ai saura ƙiris, wancan makon wani a Gaweye ya ci. Kullum akwai wani da ya ci, kullum a wata unguwa yake.

Ko da kowane wasa a duniya tsarkakakke ne, lissafin ba ya tare da yaron nan. Kamfanin caca yana yanke rabonsa a cikin farashin kowane wasa tun kafin a take, kuma idan ka jera goma a takarda ɗaya rabon nasa ma ya ninku sau da yawa. Da wannan kaɗai ya isa mutum ya tsiyace a hankali. Abin da labarin Abuja da Polokwane ya ƙara mana shi ne cewa a cikin goman nan ana iya samun wanda an gama shi tun a ɗakin otal. Kuma ƙananan wasannin da ake cike takarda da su, waɗanda babu kyamara babu ɗan jarida, su ne suka fi arha a wurin mai saye. Ribar da ɗan Singafo ya kwasa ba daga sama ta faɗo ba. Daga aljihun duk waɗanda suka sa kuɗi a ɗaya ɓangaren ta fito, su da suka yi lissafi na hankali suka ce wasan da ke huɗu da nema a minti na casa'in ya ƙare.

Ƙwallon tanis, wanda a Yamai wasan ƴan ƙalilan ne amma yana cikin jerin da ke kan wayar kowane mai caca, ya fi nuna abin a fili, domin a can mutum ɗaya ne ke riƙe da makomar wasa a hannunsa. Ba sai ya faɗi wasan ba ma, ya isa ya zubar da zagaye ɗaya da aka yi yarjejeniya a kansa, ya buga ƙwallo biyu a raga, sannan ya ci gaba ya yi nasara. A ƙananan gasanni kyautar da ake ba wanda aka fitar da wuri ba ta biyan kuɗin jirgi da masauki. A 2023 wata kotu a Beljiyam ta ɗaure Grigor Sargsyan, wanda ƴan wasa ke kira Maestro, shekara biyar, bayan bincike ya nuna ya saka ƴan wasa sama da 180 a cikin ragarsa. Karim Hossam na Masar, wanda ya taɓa zama abin alfaharin matasan Afirka a wannan wasa, an kore shi har abada a 2018, ƙanensa Youssef ya bi shi a 2020.

Kada mu ɗora komai a kan baƙi. A Yulin 2013, a Bauchi, ƙungiyoyi biyu suna neman gurbi ɗaya na hawa rukunin gaba a Najeriya, kuma yawan ƙwallaye ne zai raba su. Aka sa wasanninsu a lokaci ɗaya don kada a yi maguɗi. Plateau United Feeders ta tafi hutu tana cin Akurba bakwai da nema, aka tashi 79 da nema. Police Machine ta tafi hutu tana cin Babayaro shida da nema, aka tashi 67 da nema. Ƙwallo 72 a cikin minti 45, wato kafin a ɗauko ta daga raga a kai tsakiya an sake mayar da ita. Babu ɗan Singafo a nan, babu kasuwar Asiya, mu ne da kanmu, kowane ɓangare yana jin labarin ɗayan ta waya yana ƙarawa. Hukumar ƙwallon Najeriya ta kori ƴan wasan da jami'an har abada, ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu shekara goma. A 2022 Saliyo ta maimaita irinsa da 95 da nema da 91 da ɗaya. Inda aka saba ganin alƙali a asirce kafin wasan gida, inda kyauta ga mai busa ta zama al'ada har ba a kiranta da sunanta, baƙon da ya zo da jakar dala ba sabon abu ya kawo ba, farashi kawai ya ɗaga.

Ɗan jaridar Gana Anas Aremeyaw Anas ya nuna zurfin wannan sabo a fim ɗinsa Number 12 na Yunin 2018. Kyamarar ɓoye ta ɗauki alƙalai da dama na ƙasashen Afirka suna miƙa hannu, ciki har da ɗan Kenya Aden Marwa, wanda dalar Amurka 600 ta raba shi da zuwa gasar cin kofin duniya ta Rasha. Shugaban hukumar ƙwallon Gana Kwesi Nyantakyi ya rasa kujerarsa. Salisu Yusuf, wanda ya taɓa horar da Kano Pillars, an gan shi yana karɓar dalar Amurka 1,000, ya ce kyauta ce ba ta canza zaɓensa na ƴan wasa ba, aka dakatar da shi shekara guda. Ranar 16 ga Janairun 2019 wasu mutane a kan babur suka harbe Ahmed Hussein-Suale, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aikin fim ɗin, a unguwar Madina ta Akara. Allah ya jiƙansa. Kwana takwas bayan haka aka sanar da hukuncin Chaibou. A Agustan shekarar FIFA ta kori Samson Siasia har abada, wanda shi ke horar da Najeriya a daren Ajantina, ko da yake laifin da aka kama shi da shi ba na wannan wasa ba ne, na wata hulɗa ce da Perumal a kan aikin horarwa a Ostireliya, kuma kotun wasanni ta rage hukuncin zuwa shekara biyar a 2021.

Su kansu masu yanke hukuncin, gidansu ba a share yake ba. Da asubahin 27 ga Mayun 2015 ƴan sandan Suwizalan suka shiga otal ɗin Baur au Lac na Zurik suka fito da manyan jami'an FIFA, bisa bukatar Amurka, ana zarginsu da cin hancin da ya haura dalar Amurka miliyan 150 a cikin shekara ashirin da ƴan kai. Dokar da Amurka ta tuhume su da ita, RICO, an kafa ta ne a 1970 don murƙushe ƴan Mafiya. Hikimarta ita ce ba ta tsayawa a kan wanda aka kama da hannu dumu-dumu, tana bin ƙungiyar da ta mai da laifi sana'a mai tsari, da mai ba da umarni da mai ajiyar kuɗi da mai kawar da kai. Wannan ita ce fahimtar da muke bukata a nan. Muddin muna kallon abin a matsayin rashin tsoron Allah na alƙali ɗaya, za a kore shi a kawo wani, jakar kuma tana nan tana jira.

Hausawa sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A 2016 ƙungiyar ƴan wasa ta duniya, FIFPro, ta tambayi ƴan ƙwallo kusan 14,000 a ƙasashe 54, kashi 41 cikin ɗari suka ce an jinkirta musu albashi a cikin shekaru biyun da suka gabata. Mu da ke wannan yanki ba sai an kawo mana ƙididdiga ba. Mun san ɗan wasan da ke buga rukunin farko yana bin bashin wata uku, mun san alƙalin da ke biyan kuɗin motar zuwa wani gari daga aljihunsa, ya sauka a hannun ƙungiyar da zai yi wa hukunci gobe, ita ke ba shi masauki, ita ke ba shi abinci. Ban ce talauci uzuri ne ba. Dubban alƙalai sun rayu a haka sun mutu ba su sayar da busa ɗaya ba, kuma addininmu ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa ba tare da ya tambayi albashinsu ba, kamar yadda ya haramta cacar kanta a Suratul Ma'ida. Amma hukumar da ta bar alƙalinta da yunwa ta tura shi hannun mai gida, ita ma tana da amsar da za ta bayar.

Ana iya gyara, an kuma taɓa gyarawa. A Nuwamban 2016, a filin Polokwane ɗin nan dai, alƙali ɗan Gana Joseph Lamptey ya ba Afirka ta Kudu fenareti a kan Senegal, wai Kalidou Koulibaly ya taɓa da hannu, alhali a gwiwa ta same shi. Wannan karon masu bin sawun caca sun kai rahoto da wuri, cikin wata huɗu aka kore shi har abada, aka soke sakamakon, aka sake wasan bayan shekara guda. Senegal ta ci biyu da nema ta tafi Rasha. Bambancin wannan da na Chaibou shi ne sauri, da kuma cewa an mayar wa wanda aka zalunta haƙƙinsa. A Kano kuwa ta wata ƙofar aka bi: bayan Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke a Nuwamban 2024 cewa harkar caca hurumin jihohi ce, Hisba ta ƙara matsa wa shagunan caca lamba. Rufe shago yana da amfaninsa, sai dai shagon yanzu yana cikin aljihun yaro, kuma babu ɗan Hisbar da zai iya sa masa kwaɗo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kokowa. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tahoua, babu abin da ke tsayar da Nijar cak kamarta. Tsohuwa a ƙauye da rediyo a kunne, minista a ofis, duk suna jiran faɗuwa ɗaya, kuma lokacin da Issaka Issaka na Dosso ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas ƙasar duka ta san da ƙarfinsa ya ɗauka. Darajar wannan fili gaba ɗaya a kan yarda take, cewa wanda ya faɗi kayar da shi aka yi. Kokowa irin tanis ce ta wannan fuska, mutum biyu ne kawai, ɗaya ya faɗi an gama. Kyaututtuka suna ƙaruwa kowace shekara, hotuna suna yawo a intanet, kuma duk wasan da idon duniya ya kai gare shi kasuwar caca tana biye. Gara a yi shingen tun yanzu.

Abin da ake nema daga hukumar ƙwallonmu FENIFOOT da hukumar kokowa da ma'aikatar wasanni bai fi ƙarfinsu ba. A biya alƙali kuɗin tafiyarsa da ladansa daga asusun hukuma kafin ya bar gida, kada ya kwana a hannun ƙungiyar da zai yi wa hukunci. Kada a sake barin wani kamfani, komai daɗin tayinsa, ya zaɓi mai busa wasan Mena. A haramta wa ɗan wasa da alƙali da mai horarwa sa kuɗi a kan wasan da suke ciki, a rubuce, da hukunci bayyananne. A buɗe hanyar da yaron da aka tare da tayi zai kai ƙara ba tare da sunansa ya fita ba, domin wanda ya ga abin da ya sami Hussein-Suale ba zai yi magana a fili ba. Kuma a koyar da labarin Abuja da Polokwane a duk kwas ɗin sababbin alƙalai a Yamai, da suna da kwanan wata da adadin tarar, maimakon a bar shi a bakin ƴan fada. Ku kuma iyaye da yayye na Kirkissoye da sauran unguwanni, idan yaro ya ce wasa ɗaya ne ya ɓata masa takarda, kada ku tsaya a faɗa kawai. Ku zaunar da shi, ku sa ya lissafa da hannunsa abin da ya tura a wata uku da abin da ya dawo masa, sannan ku ba shi labarin minti na takwas na daren Abuja.